Furen Ƙaya A Kan Hular Kansila

"Ernest, ɗago ka dube ni. Na ce ka ɗago ka dube ni!"

Bai ɗago ba. Yana zaune a kan bencin da masu ɗaukar hoton fasfo ke zama, ya dafe kai da hannu biyu kamar wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa. Scholastica, wadda ake kira Sukola, na tsaye a tsakiyar shagon da kayan coci a jikinta, ɗankwali ya zame gefe guda, ambulan ɗin hotuna a hannunta.

Ta sake zaro na farko, wai ko idonta ne ya yi mata gizo.

Ba gizo ba ne. Ga babanta nan, Baba Joseph, cikin babbar rigar shaddar da aka ɗinka musamman saboda ranar, ya ɗaga Littafi Mai Tsarki sama yana rantsuwar kama aikin kansila. Ga kuma wani ƙaton fure ja jawur ya tsiro daga tsakiyar hularsa, ya baje kamar faifai. Fararen ƙayoyi sun fito masa ta kunne, sun fito ta hanci.

Na biyu ya fi muni. Baba na gaisawa da ciyaman, amma ciyaman ba shi da kai. Wani dunƙulen kyarana ne kore shar a kan wuyansa, da fure ruwan ɗorawa daidai inda baki ya kamata ya kasance. A na uku Mama ce ke leƙowa daga cikin furen shukar kariya tana murmushi, kamar ƙudan zuma.

"Duka haka suke?"

"Na rantsuwar dai duka," ya amsa da murya can ƙasa. "Amma na cin abinci sun fito tsaf. Wannan wani fim ne daban."

"Na cin abinci!" Ta buga ambulan ɗin a kan tebur. "Tsohon nan ya yi shekara da shekaru yana addu'a soja su koma bariki. Ya zaga Sabon Tasha gida-gida yana roƙon ƙuri'a har dunduniyarsa ta tsage. Duk don a ɗauke shi hoto yana gwaguyar cinyar kaza?"

Ernest ya ƙara dafe kai. 

Shi dai Ernest ba rago ba ne, kuma ba mashayi ba ne. Duk Sabon Tasha an san hannunsa da kyamara. Matsalarsa guda ce, ƙaya. Akwai wani dattijo, Malam Nuhu, mai sayar da shuke-shuke a bakin titin Abuja wajen Kakau, wanda ya tattara irin kyaranar da Turawa suka bari a gidajensu lokacin da suka koma ƙasarsu. Tun ranar da Ernest ya ga ɗaya daga cikinsu ta yi fure, kansa bai sake zama daidai ba. Sauran masu hoto suna liƙa amare da jarirai a bangon shago don jawo ciniki. Shi kuwa bangonsa fure ne tun daga sama har ƙasa, ja da rawaya da shuɗi-shuɗi, na kyarana da na kariya da na zabuwa. Mutum zai shigo neman hoton fasfo, ya tsaya yana tambaya ko nan ake sayar da maganin gargajiya.

Ko da ya fara neman Scholastica, ba atamfa ya kai mata ba, ba turare ba. Wani ɗan dunƙulen ƙaya ya kai mata a cikin gwangwanin madara, wai in ya yi fure za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Bai taɓa yi ba. Baba Joseph, wanda ya gama ƙuruciyarsa a masaƙar Kakuri yana auna mutum da gumin goshinsa, ya dubi gwangwanin, ya dubi saurayin, ya ce ba zai ba mai ɗaukar hoton ƙaya 'yarsa ba. Ya sa ƙafa ya ture gwangwanin can gindin katanga, ya hana Ernest shiga gidan.

A nan Derrick ya samu ƙofa. Ɗan kwangila ne, da mota, da tumbi ɗan daidai, da baki mai zaƙi. Shi ya buga wa Baba fosta lokacin kamfe. Tun ba a ƙirga ƙuri'a ba yake kiransa Honarabul. Kullum yana falo yana shan ruwan sanyi kamar an riga an ɗaura.

Scholastica ce ta durƙusa ta roƙi Baba, da kuka da majina, a ba Ernest aikin hoton ranar rantsuwa. Derrick ya so ya kawo mai hoto daga cikin gari, ta ce a'a, ita ta tsaya wa Ernest. Baba ya ce to, in yaron ya yi aikin nan kamar mutum, iyayensa su zo a zauna.

Ga aikin nan a kan tebur.

"Faɗa min yadda aka yi," ta ce. "Kada ka rage komai. Ina so in san abin da ya kashe ni."

Ya share gumi. "Da sassafe ranar, Malam Nuhu ya aiko direban bas ya ce min babbar kyaranar nan ta buɗe fure. Sukola, tun kafin in san ki nake jiran ta. Furenta ba ya kwana. Da safe ya buɗe, rana na takewa ya yanƙwane, shi ke nan sai wata shekara, in ta ga dama."

"Sai ka tafi Kakau."

"Na lissafa zan dawo da wuri."

"Ranar rantsuwar ubana ka hau babur ka tafi Kakau gaishe da ƙaya."

"Na dawo ai! Ba ki gan ni ba? Kafin a tashi taken ƙasa na shigo."

"Na gan ka, da laka har gwiwa. Ci gaba."

Ya ɗauko wani fim daga aljihun tebur ya nuna mata. "Kin ga sabon fim, da ɗan harshensa a waje yake zuwa. In na gama ɗauka, nakan naɗe shi har harshen ya shige ciki, don in san wannan an gama da shi. To a Kakau ina sauri, ban ƙarasa naɗewa ba, harshen ya tsaya a waje, na jefa shi jaka cikin sababbi. Da na iso sakatariya na sa hannu na zaro..."

"Ka zaro shi."

"Na zaro shi. Na ɗora Baba a kan furen."

Ta zauna a kan kujerar da ke gabanta ba tare da ta duba ba, ta yi zumbur ta miƙe. Akwai tukunyar shukar zabuwa mai ƙaya a kai. Ta yi tsaki mai tsawo, hawaye suka ɓalle mata.

"Ni Scholastica me na yi wa Allah? 'Yan mata na kuka saurayinsu na bin wata mace. Da ma wata macen ce, Ernest, da na san inda zan je in shaƙe ta. Ni da ƙaya nake takara! Ka san abin da nake sha a gidan nan? Mama ta daina yi min magana sai da ido. Gwaggo ta zo daga Zonkwa takanas ta zaunar da ni, wai shekaruna sun ja, wai sa'o'ina suna goyon na biyu. Ƙawayena a ƙungiyar mawaƙa suna ce min Madam Kyarana. Derrick ya aiko min da agogo na mayar, ya aiko da leshi na mayar. Duk saboda wa? Na ce musu ku bar shi, ba ku san shi ba ne, ranar rantsuwa za ku gani. To yau za su gani!"

"Sukola, ki yi haƙuri."

"Haƙurin ya ƙare tun bara, bashinsa nake ci."

Ya jawo hoton farko a hankali, ya karkata shi wajen hasken taga. Ta ga idonsa ya canza. Ta san wannan kallon.

"Amma fa kin ga yadda jan nan ya fito? Ban taɓa samun ja irin..."

"Ernest, in ka ƙarasa maganar nan, na rantse da kabarin kakata sai na fasa maka kyamarar nan a ka."

Ya ajiye hoton.

Ta share fuska da bakin ɗankwali, ta ja numfashi. Kuka ba zai gyara hoto ba, kuma tun da aka taso daga coci Baba ke zaune a falo yana jira.

"Saurara. Za ka ce a wajen wanki aka lalata. Ka ce injinsu ne ya haɗa fim ɗinka da na wani. Baba bai san yadda ake wanke hoto ba, zai yarda. Zai yi faɗa, amma ba da kai ba."

"Monday, ma'aikacin shagon wankin, shi ya wanke min."

"To sai me?"

"Kin san Baba. Gobe da safe zai sa babbar riga ya tafi shagon, ya ce a fito masa da wanda ya yi. Yanzu kuma kansila ne. Mai shagon zai kori Monday kafin a gama gaisawa, matarsa kuwa ko arba'in ba ta yi ba."

"Ni fa? Ni ba a tausaya min? Monday za ka aura?"

"Ba zan iya ba, Sukola."

"Ba ka iya ƙarya ba, ba ka iya naɗe fim ba, ba ka iya zuwa wuri a kan lokaci ba. Don Allah me ka iya?"

"Ina son ki."

"Wannan ma ba ka iya ba!"

Ta fizgi ambulan ɗin ta yi waje. Ya kulle shago ya biyo ta da babur yana roƙo ta hau. Ta ƙi. Haka suka ratsa kasuwa, ita a ƙasa tana taku kamar soja, shi a gefenta yana jan babur da ƙafa, masu gasa masara suna kallo. Sai da ta ga hadari na haɗowa ta gabas sannan ta hau, ta zauna can ƙarshen kujera, ta riƙe ƙarfe maimakon ta riƙe shi.

Motar Derrick na ƙofar gida. Ta san za a rina.

A falo Baba Joseph na kan kujerarsa, ya sake sa hular ranar rantsuwa. Mama na gefe tana gyaran wake a tire. Derrick ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, kusa da shi ga wani ƙaton firam na sa hoto mai ruwan zinariya an jingine da bango, cikinsa wayam. An ma riga an buga ƙusa, sama da hoton auren Baba da Mama.

"A'a, ga mai hoto!" in ji Derrick. "Honarabul tun ɗazu yake duba agogo. Na ce masa ya ƙara haƙuri, aikin gwanaye ba ya sauri."

Ernest ya cire takalmi, ya durƙusa. "Baba, ina wuni. Mama, ina wuni."

"Lafiya," in ji Baba. Bai dube shi ba, hannu kawai ya miƙa.

Scholastica ta ba shi ambulan ɗin kamar mai miƙa wuƙar da za a yanka ta da ita.

Baba ya sa tabarau. Ya zaro na farko. Ya matso da shi kusa da hanci, ya nesanta shi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya kai hannu ya shafa hularsa ta gaske, ya dubi tafin hannun. 

Mama ta leƙo ta kafaɗarsa. Wani sauti ya kuɓuce mata ta hanci, ta yi maza ta toshe baki da zane, kafaɗunta na girgiza, wake na zubewa ƙasa.

"Maman Sukola, abin dariya ne?"

"Tari ne, Baban Sukola. Tari ne ya sarƙe ni."

Ya zaro na biyu. Ya daɗe a kansa.

"Ina kan ciyaman?"

Ya ɗaga hoton ya nuna musu.

"Na ce ina kan ciyaman? Mutumin da na yi wa alkawarin zan kai masa hotonmu ya rataya a ofis. In kai masa wannan? In ce masa ranka ya daɗe, ga ka nan, kai ne koren?"

"Baba," Scholastica ta zube a gabansa, "a wajen wanki ne aka samu matsala. Injinsu ne ya..."

"Ba wajen wanki ba ne, Baba."

Ta juyo ta dubi Ernest. Da kallo na kisa, da a ranar aka yi jana'izarsa.

"Ni ne," ya ci gaba, kansa a ƙasa. "Na je Kakau da safen na ɗauki fure, na yi sauri, na sake sa fim ɗin a wajen rantsuwa. Mai wanki ba shi da laifi. Sukola ma ba ta da laifi, tsoro ne ya sa ta faɗi haka."

"Wa ya tambaye ka?" ta faɗa cikin kuka. "Wa ya sa bakinka?"

Baba ya ajiye hotunan a kan cinya, ya cire tabarau. Muryarsa ba ta tashi ba, wanda hakan ya fi tsawa muni.

"Na yi shekaru ina tsaye a gaban inji a Kakuri har kunnena ɗaya ya mutu. Ban taɓa zaton zan ga ranar da talaka irina zai tsaya a gaban jama'a a ce shi aka zaɓa ba. Rana ɗaya ce. Na ce a ajiye min ita in nuna wa jikokina. Na ba ka ita a hannu. Kai kuma ka je ka shuka min gona a ka."

"Baba, ka gafarce ni."

"Gafara ta Allah ce. Ni hoto na ce ka kawo."

Derrick ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Tun ɗazu yake danne murmushi, yanzu ya sake shi.

"Honarabul, kada ranka ya ɓaci a kan ƙaramin abu. Ni ban so in yi magana ba tun farko, don kada a ce kishi ne. Wannan ai gyararre ne. Gobe in zo da mota in kai ka babban situdiyo a cikin gari. Ka sa rigar nan, ka sa hular nan, a rataya tuta a bayanka. Ka ɗaga Littafi kamar kana rantsuwa, a ɗauka. Wa zai sani? Ko ciyaman ma sai mu nemo mai irin jikinsa ya juya baya."

Baba ya juyo a hankali.

"In ɗaga me?"

"Littafi, Honarabul. Kamar dai..."

"Kamar. In ɗauki maganar Allah in ɗaga sama, in buɗe baki kamar ina rantsuwa, alhali ba rantsuwa nake ba. Don a samu abin sa wa a cikin katakon nan naka." Ya nuna firam ɗin da leɓe. "Derrick, ni wasan kwaikwayo aka zaɓe ni in yi? Sau ɗaya na rantse, a gaban Allah da mutane. Abin da bakina ya faɗa ya faɗu ke nan. Ba na maimaitawa, ba na janyewa. Ka tambayi uwar yarinyar nan."

"Haka ne," in ji Mama, tana tsince wake. "Ko a kan gishirin miya ne."

Derrick ya sauke ƙafa, ya sunkuyar da kai. "Tuba nake, Honarabul. Son ganin farin cikinka ne ya sa bakina ya zarce."

"Na ji. Kai bakinka ne ya yi kuskure, ana gyara baki." Ya juya kan Ernest. "Wannan kuwa kansa ne, kuma ba a sayar da sabon kai a kasuwa."

Scholastica ta rarrafa ta kama ƙafarsa. "Baba, don girman Allah. Ka ga dai bai yi maka ƙarya ba. Ni na so a yi, shi ya ƙi. Wawa ne, na yarda, ni ma yau na faɗa masa. Amma Baba shi nake so. Na gwada in daina, wallahi na gwada, abin ya ƙi. In ka raba mu ban san inda zan sa kaina ba."

"Gaskiyarsa za ki dafa ku ci? Mutumin da ya bar rantsuwar ubanki ya tafi wajen fure, ranar da kike naƙuda ina kike zaton za a same shi?"

Wannan tambayar ta shige ta, don ita ma ta sha yi wa kanta. Ta ƙara fashewa da kuka.

Baba ya miƙe, ya tattare riga. "Ku biyo ni. Dukanku."

Suka fito tsakar gida. Hadarin ya sauko ƙasa-ƙasa, iska na kaɗa kayan shanya. Baba ya wuce randa, ya wuce kejin kaji, ya tsaya a gindin katanga. Ga gwangwanin madarar nan ya yi tsatsa, ga dunƙulen ƙayar a ciki, ya yi ƙura, wata tsohuwar leda ta maƙale a jikinsa.

"Ka gane wannan?"

"Na gane, Baba."

"Sadakin da ka fara kawowa ke nan. Tun da ka ajiye shi, ko ganye bai yi ba, balle fure. Kullum ina kallonsa in na zo ba kajina tsaba da safe, ina cewa ga surukina can." Ya ɗaga yatsa. "To ka ji. Tunda fure ne ubangidanka, shi zai yanke maka hukunci. Ranar da wannan abin ya yi fure a cikin gidan nan, ka zo ka ɗauke ni hoto tare da shi, hoto na mutunci, kaina daban furen daban, to ka turo iyayenka. Kafin nan kada in sake ganin ƙafarka a ƙofata. In kuwa Kirsimeti ta zo bai yi ba, ka manta da hanyar gidan nan, wanda ya shirya ya fito."

Derrick ya yi dariya har da tafa hannu. "Honarabul, wannan hukunci ko alƙali sai haka!"

"Baban Sukola," in ji Mama a hankali, "ka dai faɗa a gaban mutane."

"Na faɗa. Kin taɓa ji na janye?"

Scholastica ta gane nan take. Wannan ai kora ce aka naɗe a cikin ganye. Ta juya ta ga yadda Ernest ya ɗauki abin, ko zai yi kuka, ko zai roƙa, ko zai yi wani abu irin na mutane.

Ina! Gogan naka ya tsuguna a gaban gwangwani. Ya sa yatsa biyu ya cire ledar a hankali, ya hure ƙurar, ya karkata kai yana leƙen gefen da ke fuskantar katanga.

Ta matso ta tsaya a kansa, tana magana ta cikin haƙora. "Ana raba mu kana gaisawa da 'yar'uwarka?"

"Sukola," ya raɗa, "yaushe rabon da ki ba ta ruwa?"

"Me?"

"Ruwa. Da kullum kina zuba mata, ina ce miki ki rage."

"Tun ranar da ka manta da bikin ƙanwata ka tafi Kakau. Na ce ta mutu in huta. Duk rani ko ɗigo ban ba ta ba."

"Allah ya yi miki albarka."

"Zagina kake?"

"Abin da take so ke nan. Ta sha ƙishi duk rani, sannan ruwan sama ya sauka a kanta. Duba nan. A'a, nan, ƙasa da yatsana."

Ta sunkuya. Tsakanin ƙayoyi akwai wani ɗan tsiro mai gashi-gashi, toka-toka, bai kai kan ɗan yatsa ba. In ba an nuna maka ba, ka ce kashin kaza ne ya bushe.

 "Mene ne wannan?"

"Shi ne. 'Yan kwanaki kaɗan. Amma safiya ɗaya zai yi, kuma an hana ni shigowa. Sai kin tsare shi, kin aiko min da ya fara kumbura." Fuskarsa ta washe kamar ba shi aka gama wankewa yanzu ba. "Ruwan hoda ne, Sukola, cikinsa fari. In kin gan shi..."

Ta taka masa ƙafa da dunduniyar takalmin coci. "Rufe bakin nan, kana washe haƙora kowa na gani!"

An kuwa gani. Baba ya riga ya juya zai koma falo, amma Derrick na tsaye yana kaɗa makullin mota, idonsa na kan yatsan Ernest. Ɗan kwangila ba ya rasa gane inda riba take. Ya tako a hankali, yana murmushi.

"Me ake kallo haka ba a gayyace mu ba? Af, datti ne ya maƙale mata. Bari in cire muku, kada a ce ban taimaka ba."

Ya miƙa makullin wajen ɗan tsiron.

Scholastica ba ta san lokacin da ta yi ba. Ta ture hannunsa, makulli ya yi tsalle ya faɗa cikin kwatar wanke-wanke. Ta sure gwangwanin da hannu biyu ta rungume a ƙirji. Ƙayoyin suka ratsa leshin cocinta suka shige fata. Ta ji su sarai, har hawaye suka cika mata ido. Ba ta sassauta ba.

"Wanda ya ƙara matsowa kusa da shi," ta ce, "sai dai ya bi ta kaina. Baba, ka ce a cikin gidan nan. Ɗakina ma cikin gidan nan ne."

Baba Joseph ya tsaya a bakin ƙofar falo. Ya dubi 'yarsa, ya dubi jinin da ya fara ɗigowa a damtsenta, ya dubi Derrick da ke tsugune yana laluben makulli a cikin ruwan kanzo. Ya buɗe baki, Mama ta ce, "Ka dai faɗa." Ya rufe.

Ruwa ya fara sauka manya-manya a kan kwano. Scholastica ta juya ta nufi ɗakinta da ƙaya a ƙirji, kanta a sama.

"Sukola!" Ernest ya ƙwala mata kira daga bakin ƙofar gida, inda Baba ke nuna masa hanya da yatsa. "Kada ki ajiye ta a duhu! Bakin taga, inda hantsi ke shigowa! Kuma kada ki ba ta ruwa!"

Ta tsaya a bakin ƙofarta, ta juyo, ruwan sama da hawaye sun haɗu a fuskarta.

"Ni da ƙaya ta soke ba ka tambaya ba, ko?"

Ta shige ta banko ƙofa. Can sai aka ji ƙarar taga, an buɗe ta gabas.